Denon AVR-X3800H a falon Accra: risiba guda, ko amfilifaya daban?

Mai neman kayan sauti na sinimar gida a Zongo Lane zai ji magana iri biyu. Wani mai shago zai dafa akwati guda ya ce komai yana ciki. Na kusa da shi zai ce wannan wasan yara ne, in ana son falo ya girgiza sai an raba kaya, na'urar sarrafa sauti daban, amfilifaya daban, yadda masu kiɗan biki suke jerawa. Kowa dai abin da ke kan kantarsa yake yabo. Denon AVR-X3800H ta dace a auna maganar a kanta, domin tana tsaye a tsakiyar gardamar: tana aiki ita kaɗai, kuma tana karɓar amfilifayar waje in buƙata ta taso.

Risibar da ake nufi a nan ba dikodar DStv ba ce. Akwati ne mai aiki uku: yana karɓar hoto da sauti ta HDMI, yana warware Dolby ko DTS ya raba wa kowace sifika rabonta, sannan ya ƙara wa sautin ƙarfin da zai motsa sifikun. A kayan rabe, aiki biyun farko na furosesa ne, na ukun kuma na amfilifaya.

X3800H ta fito a 2022 a kan kusan dala 1,700. Amfilifaya tara ne a cikinta, amma ƙwaƙwalwarta tana sarrafa layi 11, wato hanyar sautin sifika 11, da wufa 4, wato sifikun ƙasan sauti mai kauri. Za ta tuƙa 5.1.4 ko 7.1.2 ba tare da taimako ba. Lamba ta farko sifikun da ke daidai kunne ce, ta biyu wufa, ta uku na silin. In 7.1.4 ake so, dole a ƙaro amfilifaya mai layi biyu. Ƙofofin HDMI shida ne na shiga, duka suna ɗaukar 8K da 4K mai 120Hz, uku kuma na fita. Tana warware Dolby Atmos da DTS:X da Auro-3D, tana zuwa da makirufo da manhajar gyaran sautin ɗaki ta Audyssey MultEQ XT32. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne jerin ramukan RCA na baya da aka rubuta wa PRE OUT, inda ake haɗa amfilifayar waje, kowane layi da nasa. Ƙananan risibobi da yawa ba su da su sai na wufa, kuma wanda ya sayi irin wannan ya rufe wa kansa ƙofar ƙari.

Lissafin wat

An rubuta wat 105 a kowane layi, a om 8, om kuwa ma'aunin tirjiyar sifika ne ga wuta. Sharaɗin da ke ƙarƙashin rubutun shi ne layi biyu kacal ke aiki lokacin awon. Wutar da kamfanin ya ce na'urar tana ci wat 660 ce, alhali tara sau 105 ya kai 945, ban da abin da ke tafiya a zafi. Duk layukan tara daga taransifoma guda suke sha, kamar famfo tara a kan tankin ruwa ɗaya: a buɗe biyu ruwa ya zo da ƙarfi, a buɗe duka ya ragu. Masu yabon kayan rabe a nan suke kafa hujja, kuma hujjar gaskiya ce. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne fim ba ya buɗe famfunan duka lokaci guda sai na ƙiftawar ido, kuma yawancin falo ba ya buƙatar rabin ruwan.

Ga yadda ake ganewa. Kowace sifika tana da lambar da ke nuna ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, a ce 88 dB, ma'aunin ƙarar sauti. Duk ninkin nisa yana cin 6 dB, don haka kujerar da ke mita 3 ta rasa kusan 9.5 dB. Duk ninkin wat kuma 3 dB kawai yake ƙarawa. Ma'aunin sinima, wato in lambar ƙarar risiba, mai hawa daga ƙasa da sifiri, ta kai 0, yana barin kowace sifika ta taɓa 105 dB a wurin fashewa ko harbi. A lissafin fili, wannan zai nemi wajen wat 450, ko da yake bangon ɗaki yana maido da wani abu ya rage buƙatar. To amma wa yake kallo a 0? A -10 buƙatar ta sauko wat 45. A -15 wat 14. A -20, inda yawancin iyali suke tsayawa, ba ta kai wat 5 ba. Mai ciki da falo a gidan haya a Nima ko Maamobi, wanda bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci mai jariri, ko -15 ya kai sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ta ɗaya ɓangaren, tashi daga wat 105 zuwa amfilifayar wat 200 ba ya kai ƙarin 3 dB. Kunne zai ji ɗan bambanci, ba ninki ba. Kafin a ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan 10 dB, wato wat sau goma.

Sannan akwai wufa. Ƙasan sauti, daga 80Hz zuwa ƙasa, shi ne mai cin wuta, kuma wufa mai filogin kanta tana da amfilifayarta a ciki. Da zarar an saita sauran sifikun a matsayin ƙanana aka tura mata duk abin da ke ƙasa da 80Hz, an sauke wa risiba babban kaya. Wufa mai kyau ita ce amfilifayar waje ta farko da ya kamata a saya. Ga falon da bai wuce mita 4 da 5 ba, da sifiku masu om 6 zuwa 8 da lamba 87 dB zuwa sama, X3800H ita kaɗai ta wadatar, kuma kuɗin amfilifaya ya fi amfani a sifikar tsakiya, wadda kusan duk maganar 'yan wasa ta cikinta take fitowa.

Inda ƙari yake da dalili

Dogayen sifiku masu om 4 da lamba 85 dB ko ƙasa suna jan wuta sosai. Haka babban falo irin na gidajen East Legon ko Spintex inda kujera take mita 5 daga talabijin, ko ɗakin kallon ƙwallo mai cika da mutane, don jikin mutane yana shanye sauti. Alamar risiba ta gaza ba ta ɓuya: sauti yana yin tsauri yana sukar kunne a wurin hayaniya, ko na'urar ta kashe kanta jar fitila tana ƙyaftawa. Kada a yi wasa da wannan tsaurin. Amfilifayar da aka matsa fiye da ƙarfinta tana yanke kan igiyar sauti, kuma abin da yake fara ƙonewa shi ne ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti. Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ta fi babba kashe sifika.

Maganin ba sai an zubar da risiba ba. A sayi amfilifaya mai layi biyu don hagu da dama, ko mai uku a haɗa da tsakiya, a ja wayar RCA daga PRE OUT zuwa gare ta, a cire wayoyin waɗannan sifiku daga bayan risiba a mayar bayan amfilifaya. X3800H tana ba da dama a kashe amfilifayar cikinta ta layin da aka fitar, sai taransifomarta ta koma hidimar ƙananan sifikun gefe da na silin kawai. Bayan haɗawa dole a sake awon Audyssey daga farko, don ƙarfin layukan ya canja.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne daidaita ƙarfin shiga. Amfilifayar gida da aka saba tana ninka abin da ta karɓa kusan sau 28, wato 29 dB. Bolt ɗaya daga risiba yana ba da wat 100 a om 8, bolt 1.4 ya ba da wat 200. Wannan risiba tana iya bayarwa. Amma amfilifayar masallaci da ta biki, wadda ta fi sauƙin samu a Accra, an gina ta ne don miksa mai fitar da sigina mai ƙarfi, kuma wasu in aka haɗa su da risiba sai sautin ya fito a raunane, mutum ya ɗauka an cuce shi. Crown XLS 1502 misali ce ta wadda ta dace: wat 300 a om 8, 525 a om 4, tana da ramukan RCA, kuma ana iya zaɓar mata bolt 0.775 maimakon 1.4. Aibin irin waɗannan biyu ne. Suna da fanka, kuma ana jin fankar wasu a wurin da fim ya yi shiru. Sannan yawancinsu ba su da ramin bolt 12 da risiba take tayar da amfilifaya da shi ta siririyar waya, sai an kunna da hannu. Ƙa'idar ita ce amfilifaya ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa, in ba haka ba sifiku su yi ta shan bugu.

Wata dabara mai araha: tsofaffin risibobi masu nauyi na wajen 2005 zuwa 2010, waɗanda ke da ramukan shiga na 5.1 ko 7.1 na RCA, suna iya zama amfilifayar waje. A tsayar da lambar ƙararsu wuri guda, a manna tef a kan maɓallin don yara, a yi awo.

Cikakken rabe fa? Marantz AV 10 da AMP 10 su ne misali daga gida ɗaya da Denon: furosesa mai layi 15.4 da amfilifaya mai layi 16, wat 200 kowanne, dala 7,000 kowace na'ura lokacin fitowarsu. Sama da ninki takwas ke nan na X3800H, kafin kuɗin jirgi da harajin tashar Tema. Abin da ake samu shi ne haɗin XLR mai kore gurnani a doguwar waya, da zafi da aka raba akwati biyu, da ƙarfin da ba ya raguwa. Wannan kayan ɗakin sinima ne da aka gina musamman, mai rufin bango da kujeru jere. A falon tayil mai tagogin gilashi, amsa-kuwwar ɗakin za ta haɗiye bambancin tun kafin ya iso kunne. Kafet mai kauri da labule masu nauyi sun fi shi tasiri a can.

Hujja mafi ƙarfi ta rabe ba ta sauti ba ce, ta tsufa ce. Atmos ya shigo gidaje a 2014, kariyar HDCP 2.2 ta 4K ta biyo baya, risibobi masu HDMI 2.1 suka fara fitowa a 2020. Kowane sauyi ya mayar da risibobi masu lafiya tsofaffin yayi, amma amfilifayar shekara ashirin har yau aikinta take yi. Ga batun gyara kuma: mai gyaran rediyo da ya ƙware zai canja taransista ko kafasita a amfilifaya cikin yini, amma allon HDMI in ya mutu sai an yi odar wani daga waje, in ma ana samunsa. Shi ya sa hanyar tsakiya ta fi dacewa da nan. Risiba mai PRE OUT yau, amfilifaya in lissafi ya nema, ran da risibar ta tsufa a canja ta a bar amfilifayar a wurinta.

Wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, ce alƙali

Wutar Ghana bolt 230 ce, 50Hz. Kayan Amurka da Kanada 120 ne, na Japan 100. Caja da kwamfuta suna karɓar kowace wuta, shi ya sa mutane suke ɗauka risiba ma haka take. Ba haka ba ne, taransifomarta ta wuta ɗaya ce. Ɗan'uwa ya turo daga Bronx, a sa wa filogin adafta a cusa a bango, in an yi sa'a fis ne kawai zai tafi. A karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin komai. In 120 ce, sai taransifomar rage wuta ta aƙalla 1,500 VA ga na'ura mai cin wat 660, kuma a san cewa taransifomar da aka naɗa don 60Hz ta fi ɗaukar zafi a 50Hz. Mai ɗan'uwa a Ingila ko Jamus ko Holan, can ya kamata ya aika saƙo. A kayan rabe wannan matsala ninkuwa take yi, kowane akwati da nasa lissafin.

Wanda ya ga dumso, yawan ɗauke wutar Ghana na 2015, ya san ɗaukewar wuta ba ita ke kashe kaya ba, dawowarta ce. Mafi ƙarancin kariya shi ne abin tsaron nan irin na firij, mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, ya jira 'yan mintuna kafin ya saki. A unguwar da fitila take dushewa da magariba, a ƙara sitabilaiza. Ta 2,000 VA za ta ɗauki risiba da talabijin da wufa guda. In an ƙara amfilifaya a tashi zuwa 3,000 VA ko sama, domin ƙaramar sitabilaiza tana shaƙe amfilifaya daidai lokacin da take neman wuta, a rasa ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa. Filogi mai ƙafa uku fis ɗinsa amfiya 13 ne, kusan wat 3,000, amma jeren soket mai arha ba ya ɗaukar abin da aka rubuta masa, a taɓa wayarsa bayan awa ɗaya a ji. Inbata in ba mai tsabtatacciyar igiya ba ce, taransifoma za ta yi ta zuga tana zafi. Mai mitar kati kuma ya tuna amfilifaya irin ta gargajiya tana cin gomman wat ko ba ta fitar da sauti, don haka akwati uku a kunne ba ɗaya suke da akwati guda ba a ƙarshen wata.

Da damina, musamman Mayu da Yuni, tsawa ta wayar dish take shigowa, ta bi dikoda, ta bi HDMI, ta sauka a allon da aka ce ba ya gyaruwa. Sitabilaiza ba ta tsare wannan hanya. In hadari ya haɗu a zare wayar dish da filogi.

Gurnani ma daga nan yake fitowa, kuma ciwon kayan rabe ne fiye da na risiba guda. Risibar filoginta ba ya amfani da layin ƙasa, amfilifayar waje kuwa tana da shi, dish ɗin kuma yana can a kan rufi da tasa hanyar zuwa ƙasa. Bambancin da ke tsakani yana bin wayar RCA ya fito a sifika kamar kukan taransifomar titi. Gwaji: a zare wayar dish daga dikoda. In gurnanin ya tsaya an kama ɓarawo. A haɗa duk kayan a jeren soket guda, a sa mai aikin wuta ya ɗaure garkuwar wayar dish da layin ƙasa na gidan, ya kuma auna ko gidan yana da layin ƙasa na gaske, don tsofaffin gidajen haya da yawa ƙafa ta ukun ado ce kawai. Karya ƙafar filogi yana kashe gurnani, yana kuma iya sa jikin amfilifaya ya ja mutum. Kada a yi.

Aibin X3800H na zahiri zafi ne. A cikin kabad mai ƙofar gilashi, a watan Maris, za ta gasa kanta. A bar mata aƙalla santimita 15 a sama, gefe da baya a buɗe, kada a ɗora mata dikoda. Ƙaramar fankar USB mai milimita 120 a kan ramukan sama, tana zuƙo iska waje, tana ƙara mata kwana. A bar saitin rage cin wuta na ECO a kan Auto. Saitin om 4 da ke cikinta rage ƙarfi yake yi don rage zafi, ba ƙara ƙarfi ba, kada a ɗauka gata aka yi wa sifika. Bayan hunturu a zare filogi a hure ƙura da abin hura iska, don ƙura in ta haɗu da damshin teku, musamman a Chorkor ko Teshie, tsatsa take zama a ramuka. Kyankyaso da tsaka ma suna son ɗumin ciki.

Audyssey yana aiki da kyau, amma ba a bar masa komai. A yi awo a wurare takwas ɗin, na farko daidai kan mai zama a kujerar tsakiya, sauran kada su wuce santimita 60 daga nan. A kashe fanka da na'urar sanyi, a zaɓi hantsi lokacin da yara suke makaranta, ba lokacin kiran salla ko wucewar masu talla ba. Yakan ɗauki sifikun gaba a matsayin manya, sai a mayar da su ƙanana a 80Hz da hannu. Ana iya ɗaga lambar da ya zaɓa, ba a saukar da ita. In magana tana nutsewa a ƙara wa tsakiya 1 ko 2 dB. Manhajar waya ta gyara awon da lasisin Dirac Live, wata manhajar gyaran sautin ɗaki, duk kuɗi ne daban, kuma ga na'ura mai wannan tsada abin da ɗan ciwo.

Waya ba ta buƙatar tsada, tana buƙatar jan ƙarfe na gaske. Kaurin 1.5 mm² ya isa har mita 10 a om 8, 2.5 mm² ga mai nisa ko om 4. Kasuwa cike take da alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare silin wayar da reza, in cikinsa fari ne a ajiye. Sili guda da ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa a bayan risiba ya isa ya sa ta kashe kanta, a ɗora wa na'ura laifi.

Mai sayen na hannu, wanda ake ce wa hom-yus, ya san abu biyu. Rukunin farko na risibobin 2020 masu HDMI 2.1, har da wasu na Denon da Marantz da Yamaha, sun zo da matsalar nuna 4K mai 120Hz daga Xbox Series X, don haka mai wasan gem ya gwada da na'urarsa. Wasu Onkyo na 2009 zuwa 2012 kuma an san su da mutuwar allon HDMI, alamarta sauti ya ɗauke bayan na'ura ta yi ɗumi. Saboda haka gwajin minti biyu a bakin shago ba gwaji ba ne. A zo da wayar HDMI da sifika ƙarama guda, a bi ƙofofin shiga ɗaya bayan ɗaya, a sa sautin gwaji na cikin na'urar a ji kowane layi, a duba ramukan PRE OUT ko sun yi tsatsa, a shinshina ramukan sama ko akwai warin ƙuna, a tambayi rimot da makirufon awo don samunsu daban wahala ne. Sannan a bar ta tana aiki minti 30, a kashe, a sake kunnawa tana da zafi. In fitilar ta yi ja ko sautin ya ƙi dawowa, a ɗauki waya da sifika a wuce shago na gaba.